Na gaji, Mama, amma an ce akwai wani a Lere

"Mama, barka da yini. Ni Kirista ce, shekarata 31, ina zaune a Garwa, a Kamaru. Shekara 9 ke nan da aurenmu ba haihuwa, ko ɓari ban taɓa yi ba. Tun a shekara ta uku nake yawon neman taimako ba da sanin maigidana ba. Na je wurin mai magani a Gidar, na je wurin mai duba, na je wurin wani da ake kira annabi na sayi mansa kwalba bayan kwalba. Keken ɗinkina ya tafi, awaki huɗu sun tafi, na kwashi adashi sau biyu duk a can ya ƙare. Lahadin da ta wuce fasto ya karanta Ishaya 57:10, inda aka ce kin gaji da tsawon hanyarki amma ba ki ce ba amfani ba. Ji na yi kamar ni ya nuna da yatsa. Na fito da haushi, na kwana ina kuka. Ashe mai neman ɗa ita ce mai taurin kai? Yanzu wata ta ba ni labarin wani tsoho a ƙauye kusa da Lere, a Cadi, an ce aikinsa kamar yankan wuƙa. Sefa dubu 150 yake so, na riga na ranto dubu 90. Na gaji, Mama, Allah ya sani na gaji. Amma idan wannan ne fa? Ai mai nema yana tare da samu. In je, ya zama na ƙarshe?"

'Yata,

Sannu, sannu da wannan doguwar hanya. Kada ki je Lere. Na sa wannan a gaba ne don kada ki karanta rabin amsata ki ajiye ki nufi tasha. Kuɗin da kika ranto kuma ki mayar wa mai shi cikin makon nan, tun bai fara narkewa a hannunki ba. To, gyara zama, maganar tana da tsawo.

Na yi fiye da shekara 30 ina aikin ungozoma a asibiti kafin ƙafafuna su ce ya isa. Haihuwar da na karɓa ban san adadinta ba. Amma fuskokin da suka fi zama mini a rai su ne na matan da ke rako ƙannensu awo, su zauna can ƙarshen benci da jakar wata a cinya, suna bin cikin kowa da ido. Na san wannan zaman. Kada ki ɗauka ƙosasshiya ce take yi wa mai yunwa wa'azin haƙuri.

Kin tambaya cikin kuka ko mai neman ɗa ita ce mai taurin kai. A'a. Rahila ta ce wa Yakubu ya ba ta 'ya'ya ko ta mutu (Farawa 30:1). Hannatu ta ƙi abinci, ta yi ta motsa leɓe a Shilo har Eli firist ya zaci ta bugu, Allah kuwa bai tsawata mata ba. Luka ya buɗe bishararsa da tsofaffi biyu, Zakariya da Alisabatu, ya ce dukansu masu adalci ne a gaban Allah, marasa abin zargi, sai a aya ta gaba ya ce ba su da ɗa (Luka 1:6-7). Duk wanda ya ce miki rashin haihuwa alamar fushin Allah ce, ki buɗe masa wannan wurin. Fastonki kuma, ina kyautata zaton bai san komai a kanki ba. Ayar ce ta nemo ki da kanta. Sai dai ba zan rarrashe ki in ce ta ɓata gida ba, domin ba ta ɓata ba.

Koma aya ta 9 ki gani. Annabi yana magana da jama'ar Allah kamar yana magana da mace ɗaya. Ya ce ta ɗauki mai da turare mai yawa ta tafi wurin sarki (wasu fassarori sun ce wurin gunkin nan Molek), ta aika manzanni can nesa, har ƙasa cikin lahira. Mutanen Yahuza sun san irin wannan tafiya da ƙafafunsu. Wajen shekara ta 734 kafin haihuwar Almasihu, sarkin Suriya da na Isra'ila suka haɗa kai suka taso wa Urushalima. Ishaya ya fita ya sami sarki Ahaz a bakin hanyar ruwa, ya ce masa ya natsu, kada ya ji tsoro (Ishaya 7:3-4). Ahaz bai natsu ba. Ya kwashe azurfa da zinariyar Haikali ya aika wa Tiglat-filesar sarkin Assuriya, yana kiran kansa bawansa kuma ɗansa (2 Sarakuna 16:7-8). Taimako ya zo kuwa, Dimashƙu ta faɗi. Ahaz ya tafi can gaida sabon ubangidansa, ya ga wani bagade ya burge shi, ya aiko da zanensa aka gina irinsa a Haikalin Ubangiji. Littafin Tarihi na biyu (28:20-23) ya ba da ƙarashen labarin: Assuriya ta ƙuntata masa maimakon ta ƙarfafa shi, shi kuwa da wahala ta ƙaru sai ya ƙara zurmawa, ya ce tunda allolin Suriya sun taimaki sarakunansu, bari shi ma ya yi musu hadaya. Bayan zamaninsa, da Assuriyar ta zame musu ƙarfen ƙafa, sai aka juya wajen Masar. Karanta Ishaya 30:6-7 ki ga jakuna da raƙuma ɗauke da dukiya suna ratsa hamada mai zakuna da macizai, zuwa wurin mutanen da ba za su tsinana musu komai ba.

Tsoro ne ya tashe su tsaye. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Annabi ya san da haka, shi ya sa bai ce mata ke raguwa ce ba. Ya shaida ta wahala, ya shaida ta gaji. Abin da ya kama ta da shi ɗaya ne: gajiyar ba ta koya mata komai ba.

Ga kuma dalilin da ya bayar, a ƙarshen aya ta 10. A harshen Ibrananci maganar ita ce, kin sami ran hannunki, shi ya sa ba ki raunana ba. Wato duk sanda ta kusa zubewa, sai wani ɗan ƙarfi ya dawo mata, daidai wanda zai kai ta zango na gaba. Ke kin fi ni sanin wannan ran hannun. Al'adarki ta yi jinkirin kwana goma bayan kin dawo daga Gidar, kika fara tafiya a hankali, kika daina ɗaukar bokiti mai nauyi, kina lissafin watanni a yatsu cikin duhu. Sai jini ya zo. Kika koma da hawaye, aka ce miki cikin ya shiga, maƙiya ne suka zubar, ko kuma ya kwanta ne sai an tashe shi, a kawo kaza da kuɗin turare. Ba ki rubuta mini wannan ba, amma na ji shi daga bakin mata da yawa har na haddace. Ki ji daga ungozoma: ciki ba ya kwanciya shekara ɗaya ko biyu yana jiran mai tashinsa. In akwai shi, hoton ekografi, wato hoton ciki da ake ɗauka a asibiti, zai nuna. Jinkirin al'ada kuwa, damuwa da rashin barci kaɗai sun isa su kawo shi.

Labarin tsohon Lere ma ran hannu ne. Bari in gaya miki yadda irin wannan suna yake tashi. A cikin matan da ke zuwa wurin kowane mai magani, akwai waɗanda dama za su sami ciki a shekarar ko sun je ko ba su je ba. Waɗannan su ne ke komawa da goro da rago, su ne ke ba da labari a kasuwa da gidan suna. Sauran fa? Ke da kika je wurare uku ba a dace ba, wa kika taɓa gaya wa? Ko mijinki bai sani ba. Yau in wata ta tambayi labarin mai maganin Gidar, ba za ta ji naki ba, na wadda ta haihu za ta ji. Shirunki yana cikin abin da yake ci da shi. Haka akwai mata birjik da suka bi hanyar Figil suka tsallaka Lere suka dawo hannu rabbana, suka yi gum saboda kunya, kamar yadda za ki yi.

Kin ce wannan ne na ƙarshe. Ki tambayi zuciyarki tsakani da Allah, ranar da aka ɗora keken ɗinkinki a bayan babur aka tafi da shi, me kika ce?

Akwai kalma ɗaya da nake so ki riƙe. Abin da aka fassara "ba amfani" a Ishaya 57:10, a Ibrananci no'ash ne, wato an fid da rai. Wannan kalmar ta sake fitowa a bakin annabi Irmiya. A Irmiya 2:25 Allah ya ce wa jama'arsa su tausaya wa ƙafafunsu da suka tsage da maƙogwaronsu da ya bushe, sai suka amsa da no'ash: ba amfani, mun riga mun ƙaunaci baƙin alloli, su za mu bi. A 18:12 ma haka suka ce, za su bi nasu shirin. Kin ga abin? A wurin Ishaya sun ƙi fid da rai daga hanyar banza. A wurin Irmiya sun fid da rai daga komowa wurin Allah. Ciwo ɗaya ne. Kalmar tana bakinsu, gurbin da suka sa ta ne ba daidai ba. Ina jin tsoron ke ma kin riga kin faɗe ta a zuci, amma a kan addu'a kika faɗe ta, ba a kan boka ba. Shekara uku kika ba Allah, shekara shida kika ba su. Abin da ake nema gare ki yau shi ne ki ɗauko kalmar nan daga inda kika ajiye ta ki ɗora ta a kan Gidar, da mai duba, da kwalaben mai, da Lere. Ki faɗa da bakinki, a fili: wannan hanya ba amfani. Ba a ce ki faɗi haka a kan haihuwa ba, balle a kan Ubangiji. Mai nema yana tare da samu, gaskiya ne, in yana nema a inda abin yake. Irmiya ya kira irin wuraren nan rijiyoyi fasassu da ba sa riƙe ruwa (2:13). Ko igiyar gugarki ta kai kamu ɗari, yashi za ki jawo.

Mai kwalaben man nan kada ki ware shi daban don ya riƙe Littafi yana kiran sunan Yesu. Elisha ya ƙi karɓar ko anini daga hannun Na'aman bayan ya warke, baransa Gehazi da ya bi baya ya karɓa kuwa kuturta ya kwaso (2 Sarakuna 5). Bitrus ya ce wa Siman ya hallaka tare da kuɗinsa don ya zaci baiwar Allah abar saye ce (Ayyukan Manzanni 8:20). Dattawan ikkilisiya su shafa wa mara lafiya mai su yi masa addu'a, wannan yana cikin Yaƙub 5:14. Farashi a kan kwalba ne babu.

Yanzu abin da ya fi komai nauyi, wanda kika ratsa ta kansa da rabin layi: maigidanki bai sani ba. Shekara shida kina kwana kusa da mutum da wannan dutse a ƙirji. Ina ya zaci keken ya tafi? Ƙarya nawa kika jera don ki rufe ta farko? Ba don in kunyata ki nake tambaya ba. Rabin gajiyar da kike ji daga nan take. Ki gaya masa. Ki zaɓi daren da ya ci ya huta, ba baƙo, ba waya a hannu. Kada ki fara da uwarsa da habaicin danginsa, ko da su ne suka tura ki, domin in kin fara da nan zancen zai koma faɗan dangi. Ki ce, "Maigida, na yi maka laifi, na ɓoye maka wani abu shekara shida, tsoron rasa ka ne ya sa." Sannan ki lissafa duka, har dubu 90 ɗin. Zai ji zafi, mai yiwuwa ya yi kwanaki bai sake miki fuska ba. Ki ba shi wannan lokacin, hakkinsa ne. In kuwa kin san shi mai saurin hannu ne, kada ki yi ke kaɗai. Ki fara zuwa wurin matar fasto ko wata dattijuwa mai riƙe sirri, a kira shi a gabanta.

Wani abu kuma ya tsaya mini. Kin lissafa wurare uku, na huɗu yana jira, amma ban ga asibiti a wasiƙarki ba. In kin taɓa zuwa, na tabbata ke kaɗai kika je. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 na manya yakan gamu da matsalar rashin haihuwa a rayuwarsa, kuma likitoci sun daɗe da sanin cewa a wajen rabin ma'auratan da abin ya shafa akwai matsala ta ɓangaren namiji, ko shi kaɗai ko tare da matar. Mu a nan mace kawai ake nunawa. Na ga matan da suka sha ɗaci shekara goma, aka yi musu kishiya, kishiyar ma shiru, sai daga baya aka gwada mijin. Gwajin maniyyi shi ne mafi sauƙi da araha a cikin gwaje-gwajen duka, da shi ake farawa, kuma ƙarfin namiji a shimfiɗa ba ya nuna sakamakonsa. Ke kuma za a duba mahaifa da ekografi ko akwai ƙari, a yi hoton da ke nuna ko bututun ƙwai a buɗe suke, a tambayi yadda al'adarki take zuwa. In nononki yana fitar da ruwa alhali ba ciki ba goyo, ki faɗa, domin wannan sau da yawa ƙwayoyi ne maganinsa. In kin taso kina wanka da wanki a kogin Binuwai ko wajen madatsar ruwan Lagdo, ko kin yi aikin shinkafa cikin ruwa, ki ambaci tsargiya. Mutane sun ɗauka ciwon yara maza ne masu fitsarin jini, alhali ƙwayayenta suna zama a bakin mahaifa da bututu su yi ɓarna a ɓoye. Ki nemi likitan mata a babban asibiti a nan Garwa, ku je ku biyu. A shekara 31 kina da sauran lokaci, amma daga 35 abin yana ƙara wuya, don haka kada a ce sai bayan kaka.

Ki kuma gaya wa likita duk abin da aka taɓa ba ki ki sha ko ki cusa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba na manta wata yarinya da aka kawo mana tana tafiya ƙafa a ware, an ba ta wani ƙulli na ganye da kanwa ta kwana uku da shi a jiki. Da muka cire, naman wurin ya ƙone ya yi fari. Ya warke, amma ya warke a manne. Ta je neman ɗa ta dawo ko kwanciyar aure ba ta iyawa. Wasu kuma yankan gishiri aka yi musu suka ƙare da yoyon fitsari. Duk mai maganin gargajiyar da ya ce zai sa miki wani abu ko ya yanka, ki tashi ki bar masa kuɗin.

Kada wani ya ce miki zuwa asibiti rashin bangaskiya ne. Ishayan nan da ya tsawata, shi ne ya ce a kawo curin ɓaure a ɗora wa sarki Hezekiya a kan marurunsa ya warke (Ishaya 38:21).

Ba zan yi miki alkawarin ɗa ba, 'yata. Duk waɗanda suka ci kuɗinki da alkawari suka ci shi, ba zan zama ta huɗu ba. Mai yiwuwa a gano abu ƙarami a gyara, baɗi war haka kina goyo. Mai yiwuwa kuma a ce abin ya fi ƙarfin magani. Ina roƙon Allah ya ba ki, kuma zan ci gaba da roƙo. Amma in ba haka ya nufa ba, ki sani babi ɗaya kacal kafin ayar da ta sa ki kuka, Allah ya yi magana da mutumin da ba zai taɓa haihuwa ba, wanda ke kiran kansa busasshen itace. Ya hana shi faɗin haka, ya ce zai ba shi suna a cikin gidansa wanda ya fi 'ya'ya maza da mata, sunan da ba za a yanke ba (Ishaya 56:3-5). Na san yau wannan ba zai shiga kunnenki da daɗi ba. Ajiye shi dai.

Mu ma matan ikkilisiya muna da namu laifin, ni ma ina ciki. Sau nawa a wurin suna muka dafa kafaɗar irinku muka ce "saura ke", muna ganin fatan alheri muka yi? Sau nawa aka tsayar da ku a gaban jama'a don addu'a ba a tambaye ku ko kuna so ba? Da mun iya zama da ku shiru, da yawancinku ba su bi hanyar dare ba. Ki gafarta mana.

Fasto ya tsaya a aya ta 10, ko kuma kunnenki ne ya tsaya a nan. Daren yau ki karanta daga 14 zuwa 19, da murya, ko da a hankali ne. Za ki ji ana cewa a gyara hanya, a kawar da abin tuntuɓe. Za ki ji Maɗaukaki, Mai Tsarki, yana cewa yana zaune a can bisa, yana kuma zaune tare da mai karyayyar zuciya don ya farfaɗo da ita. A aya ta 17 ya ce ya yi fushi, ya buge, mutumin ya ci gaba da bin son zuciyarsa. Kowa zai zaci hukunci ne zai biyo. Sai aya ta 18 ta ce: na ga hanyoyinsa, amma zan warkar da shi. Ya ga Gidar, ya ga ɗakin mai duba, ya ga inda kike ɓoye kwalaben a bayan tukwane. Da saninsa duka ya faɗi wannan. Ki durƙusa ki kira kowane wuri da sunansa a gabansa, ki roƙi gafara, kin san alkawarin 1 Yahaya 1:9. In kin daɗe kina zamewa daga Jibin Ubangiji saboda wannan, ki yi magana da fasto ki koma. Ba dole sai an tsayar da ke a gaban ikkilisiya ba.

Gobe da safe ki fara da mayar da dubu 90. Wadda ta ba ki labarin Lere, in ta kira, ki ce mata kin fasa, kada ki tsaya dogon bayani. Layu da ƙulle-ƙulle da sauran kwalaben ki haɗa su a leda ɗaya ki kai wa matar fasto ku ƙona tare. In kun karɓo takardun asibiti, naki da nasa, ki rubuto mini abin da aka ce, zan fassara miki Faransancin likita in ya yi miki nauyi.

Mamanki